Delmar Haugen da Harsashi na Goma

Haihuwa da karatu

An haifi Delmar Haugen ranar 9 ga Maris, 1941, a garin Scobey na jihar Montana, a Amurka. Mahaifinsa Nils manomin alkama ne, mahaifiyarsa kuwa sunanta Borghild. Ya kammala sakandare a 1959, kuma malamansa sun shaide shi da ɗabi'a guda: ko amsar da aka buga a bayan littafin lissafi ba ya amincewa da ita sai ya sake bi da kansa.

Sana'a da aure

Daga 1960 ya kama gyaran injinan girbi. A 1966 ya auri Arlys Tveit, ta haka ya samu abokin harbi, wato ƙaninta Vernon, mutum mai baki kamar reza. A 1970 Delmar ya daina sayen harsashin kamfani, bisa hujjar cewa inji ba ya jin kunya. Ya koma ɗura nasa da hannu: ya wanke kwanson harsashi, ya auna kan harsashi ɗaya bayan ɗaya, ya zuba albarushi ƙwaya-ƙwaya yana riƙe numfashi don kada ya kaɗa sikeli. Ƙa'idar masu gasar harbi daga nisan yadi dubu ita ce ba ka harba ɗurin wani. Shi kam ya ƙara tasa a kai: ba ka taɓa akwatin harsashinsa.

Gasar 1988

A gasar yadi dubu ta watan Yuli, 1988, Delmar ya miƙa wa Vernon akwatin ya riƙe masa na minti biyar kacal, ya je ɗauko tabarau a mota. Da ya yi harbinsa, harsashi tara suka taru a allon saiti a wurin da tafin hannu zai rufe, na goma ya sauka kamu biyu ƙasa da su. Vernon ne ya ɗauki kofi.

"Me ka yi wa akwatina?" in ji Delmar.

"Haba mijin Yaya, tsufa ne ya taɓa ka, ba ni ba!" in ji Vernon, yana dariya.

Dariyar nan ce ta ɓata komai. Masu tuta, wato masu lura da iska a filin, sun ce iska ta juya. Delmar ya ce iska gefe take kai harsashi, ba ƙasa ba, kuma biri ya yi kama da mutum. Mai rubuta wannan tarihi yana wurin, kuma wallahi har yau bai san wa zai gaskata ba. Daga ranar Delmar ya haramta wa Vernon ƙofar gidansa. Arlys, baiwar Allah, ta shekara ashirin da ɗaya tana cin abincin Kirsimeti sau biyu, a gida biyu.

Shekarun ƙarshe

A 2007 rawar hannu ta hana Delmar ɗuri. Vernon ya ɗura harsashi ashirin daidai da bindigar Delmar, ya ba Arlys ta kai masa, ko a samu sulhu. Delmar bai harba ko ɗaya ba. Ya sa Arlys ta warware su duka a gabansa, ta auna albarushin kowanne, sai ga ashirin ɗin nan sun zo daidai, babu bambancin ƙwaya guda.

"To, ka gani?" in ji Arlys. "Don Allah in kira shi?"

"Na gani," in ji Delmar. "Mai hannu irin wannan, in ya tashi rage wa mutum albarushi, wa zai gane?"

Arlys ta fashe da kuka, ta share teburin, ba ta ƙara tayar da maganar ba.

Rasuwa

Delmar Haugen ya rasu ranar 2 ga Nuwamba, 2009, yana da shekara sittin da takwas, aka binne shi a maƙabartar cocin Lutheran kusa da mahaifansa. Vernon ya zo jana'izar, ya tsaya bayan shinge da hularsa a hannu, domin marigayin ya rubuta a wasiyya cewa kada ya taɓa akwatin gawarsa. Marigayin ya bar matarsa Arlys da 'ya'ya uku: Curtis, Rhonda da Lyle, da jikoki bakwai.