Ranar da Ƙasar Misira Ta Ga Bayan Turke

Shekara goma sha ɗaya ke nan, a wannan watan na Agusta, da muka binne Mamuda a wata maƙabarta da ke bayan birnin Alƙahira. Ɗan baffana ne, kuma amana ce da aka danƙa mini hannu da hannu. A garinmu ba kowa ya san shi da Mamuda ba, Turke ake ce masa. Duk shekara idan watan nan ya kama sai in ɗauki biro, in juya shi, in ajiye. Bana dai na ce ko me zai faru sai na rubuta, domin abin da na daɗe ina ɓoyewa ya riga ya fita daga bakina, kuma wallahi fitarsa ba ta rage mini komai ba.

Wanda bai ga Mamuda a filin kokawa ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Shekara shida ya yi a sakandare, ana zuwa da shi gasar makarantu gari-gari, ba a taɓa kada shi ba. A kokawarmu kuwa kun san doka: gwiwarka ko tafin hannunka ya taɓa yashi, magana ta ƙare, sai ka kakkaɓe wandonka ka fita. Shi ko gwiwar ba ta taɓa sauka ba. Yana shiga fili zai kafa ƙafafu, abokin karawa ya yi ta ja kamar mai jan itacen kuka, da ya gaji sai Mamuda ya sunkuya ya ɗebe masa ƙafa. Baffa, mahaifinsa, shi ma tsohon ɗan kokawa ne, yana zaune a gefe ba ya ko tafi. Makaɗa ne ke haukacewa.

Ina shekara ta uku da karatu a nan ya samu gurbin jami'a ya biyo ni. Baffa ya kira ni ya ce, "Isiyaku, ga ƙanenka nan." Iyakar abin da ya ce ke nan. Muka zauna ɗaki ɗaya. Bai cika wata biyu ba ya gano jami'arsu tana da ƙungiyar kokawa, ya dawo yana washe baki, ya ce, "Yaya, gobe ka zo ka ga yadda ake sauke Balarabe." Na yi dariya, na ce to. Ni ma a raina na ɗauka haka za a yi.

Zauren ba yashi, ba ganga, katifar roba ce shimfiɗe da wari irin na tsohon takalmi. Mai horar da su wani gajeren dattijo ne mai murɗaɗɗun kunnuwa, kowa Kaftin yake ce masa. Ya haɗa Mamuda da wani ɗan Iskandariyya mai nauyi irin nasa. Ko minti ɗaya ba a yi ba Mamuda ya ɗaga shi ya maka da ƙasa. Na yi kuwwa ni kaɗai. Shi kuma ya yi abin da jikinsa ya saba tun yana yaro: ya juya baya, ya ɗaga hannuwa sama, yana jiran kirari. Ashe a kokawarsu kaye maki ne kawai, wasa bai ƙare ba. Mutumin ya miƙe, ya rungumi ƙugunsa ta baya, ya lanƙwasa ya wurga shi ta saman kansa. Ƙarar da bayan Mamuda ya yi a kan katifar nan, har yau ina jin ta. Ya kwanta idonsa a buɗe yana kallon rufi, Kaftin na ihu ya tashi a ci gaba, "Yalla! Yalla!" Bai motsa ba. A wurinsa an gama.

Ranar Juma'a ce, kuma duk Juma'a bayan an sauko daga masallaci Baffa yakan kira. Muna cikin jirgin ƙasa, dab da tsakiyar birni, inda suke kira Wustul Balad, waya ta yi ƙara. Mamuda ya duba, ya miƙo mini. Bayan gaisuwa na faɗa wa Baffa cewa yau an fara kokawa. Ya ce, "To, ƙasa ta ga bayansa?" Na kalli ƙanena ya sunkuyar da kai, sai tausayi ya rufe mini ido. Na ce, "Haba Baffa, Turke ne fa. Larabawa sun sha kashi."

Ni na yi ƙaryar nan. Ba shi ba. Ina so mai karatu ya riƙe wannan.

Cewa na yi a raina, maganar kwana biyu ce, zai koyi dokarsu ya rama, ƙarya ta zama gaskiya. Amma magana zarar bunu ce. Wani da ke kusa da Baffa ya ji, ya kai majalisa, kafin wata ya ƙare makaɗan garinmu sun ƙara baiti a kirarinsa, wai Turken da ya gagari Misira. Ana aiko masa da gaisuwa daga mutanen da bai ma sani ba. Kuma kowace Juma'a tambayar Baffa ɗaya ce, amsarmu ɗaya ce. Daga baya Mamuda da bakinsa yake cewa a'a, ya kashe waya, ya shiga banɗaki ya daɗe.

Kada wani ya zaci bai yi ƙoƙari ba. Ya yi, har ya wuce kima. Amma in kiɗa ya sauya, rawa ma sauyawa take yi, shi kuwa jikinsa ya haddace rawa ɗaya. A kokawar da suke kira Rumani haramun ne ka taɓa ƙafar mutum, kama ƙafa kuwa shi ne dukiyarsa. Hannunsa kan tafi da kansa, usur ya tashi. Mafi muni, akwai lokacin da alƙalin wasa zai ce ka kwanta rub da ciki da kanka, abokin karawa ya hau bayanka, a ci gaba daga nan. Ran da aka fara ce masa haka ya tsaya ƙyam, ya ce mini da Hausa, "Yaya, in kai kaina ƙasa ba wanda ya kai ni?" Aka yi ta dariya. Kaftin bai yi ba. Ya ja shi gefe ya ce masa ma'alish, wato ba komai, duk wanda ka gani a zauren nan shi ne na ɗaya a makarantarsu, kowa da irin sunanka ya zo, shekarar farko ta shan kaye ce, ka ba kanka shekara biyu. Gaskiya ya faɗa masa. Sai dai Mamuda ba shi da shekara biyu, Juma'a yake da ita.

Da aka sa ranar zaɓen waɗanda za su wakilci jami'a, ya san a nauyinsa ɗan Iskandariyyar nan ya tare hanya. A garinmu ba a awon 'yan kokawa, ƙato da siriri duk fili ɗaya ne. Nan kuwa aji-aji ne, da sikeli. Sai ya ga ƙofa: idan ya zubar da kilo goma zai sauka ajin ƙasa, inda ƙarfinsa zai danne su. Mako uku ya rage. Kaftin ya ce masa la', kada ya soma. Ya ce tamam, ya fito ya soma.

Nan ne nake son ƙasa ta tsage in shige. Ni na sayo masa leda a kasuwar Ataba, yake naɗawa a jiki don ya yi gumi, ya ɗora riga biyu a kai. Ni nake duba sikeli in faɗa masa sauran. Da wani ɗan ƙasarmu ya ce abin nan ya yi yawa, ni na ce masa, ai mu 'yan azumi ne, wanda ya yi noma da ƙishirwar Ramadana a garinmu ranar Misira za ta gaya masa me? Muka yi dariya mu biyu. Allah wadaran wannan dariyar. Mai azumi yana shan ruwa idan rana ta faɗi, shi kuwa kurɓa yake ya furzar. Kwana biyu kafin awo, saura kilo ɗaya da rabi, ya fita da tsakar rana ya ce zai yi gudu ya haye gada ya kai unguwar Mohandessin ya dawo. Leɓensa ya tsattsage, idonsa ya faɗa. Na ce, "Mamuda, khalas, ya isa, bari mu faɗa wa Baffa gaskiya." Ya ce, "Yanzu, Yaya? Bayan an yi waƙa?" Ban tare ƙofa ba. Na fi shi shekaru, na fi shi karatu, ban tare ƙofa ba.

Masu shago ne suka ɗauke shi daga bakin titi. Kwana uku ya yi a asibiti, likita ya ce ƙodarsa ta tsaya, rana ta huɗu da hantsi ya cika. Na faɗa wa gida zazzaɓi ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, in ji mutane, amma nawa na yi ta haƙa shi har ya ci ƙanena, ban kuma daina haƙa ba.

Karatuna ya ƙare tuntuni, ban koma ba. Ina nan Ataba ina yi wa 'yan kasuwarmu tafinta, ina cewa aiki ne ya riƙe ni. Wani lokaci nakan tambayi kaina me Mamuda zai ce da ya ga yau. Yanzu kafin mutum ya miƙe daga kaye an ɗauka a waya, an tura, kafin la'asar an kalla a ƙauye. Zai ce tonon silili ne, na san shi. Ni kuwa cewa nake da haka ake a lokacinmu, da ƙaryata ba ta kwana ba, da ya ji kunyar mako ɗaya yana nan da ransa. Duk shekara ina ganin sababbin ɗalibai suna sauka, wannan gwanin musabaƙa, wancan gwanin ƙwallo, kowa zakaran garinsu. Wata shida sai ka ga sun yi shiru, idan aka kira daga gida kuma ka ji suna cewa komai lafiya lau. Wallahi ji nake kamar in fizge wayar in yi ihu.

Watan jiya aka ce mini Baffa ya kwanta, idonsa ma ya tafi. Na ji tsoron ya rasu ban faɗa masa ba. Na kira da hantsi, aka kara masa waya a kunne, na faɗa masa duka: kayen farko, ƙaryar jirgi, leda, sikeli, ƙofar da ban tare ba. Na shirya ya tsine mini. Ya saurara har na gama. Sannan ya ce:

"Isiyaku, ni sau nawa aka kada ni? A gaban surukaina ma an kada ni. Wanda ƙasa ba ta gani ba ai bai zama ɗan kokawa ba tukuna, yaro ne mai sa'a. Ran da aka fara kada ni, ubana ya gaya mini wata magana, da ita na yi shekara ashirin a fili. Ita na ajiye wa Mamuda. Duk Juma'ar nan jira nake ya ce mini e."

Na rasa inda zan sa kaina. Da kuka ya sake ni na ce, "Baffa, wace magana ce?"

Ya ce, "Ba kai aka ajiye wa ba."

A garinmu har yanzu ana kiran sunan Turke idan za a buɗe fili, ana cewa ya tafi bayansa bai san ƙasa ba. Wannan shi ya saura a bakin mutane, kuma ƙarya ce, tawa ce. Abin da na san gaskiya ne bai kai waƙa daɗi ba: an kada shi ya fi a ƙirga, kuma kowace safiya ya ɗauki jakarsa ya koma zauren nan, ba ganga, ba mai kiran sunansa. Wanda zai karanta wannan a majalisar garinmu, don Allah ya karanta da ƙarfi, makaɗa su ji. Allah Ya jiƙan Mamuda, Ya yafe masa, ni kuma ban san da wace fuska zan roƙa wa kaina ba. Ƙanena ya mutu yana gudun Juma'ar da ubansa ke jira, kuma ni na nuna masa hanyar gudun.