Kwandon Baƙo

A ƙungiyar taimakon kai da kai ta garinmu, wanda ke tsakanin Kura da Bunkure, akwai abu biyu da ake yi wa duk baƙon da aka gayyato ya yi jawabi. Ana ba shi kwando guda na abin da gona ta bayar a lokacin, ko tumatir, ko albasa, ko ɗanyar masara. Sannan a yi masa rakiya a ƙafa, daga makarantar firamaren da ake taron har bakin titi. Ko da mota ya zo, sai direbansa ya riƙa jan ta a hankali a baya, shi kuma ya taka tare da jama'a. Ɗan ƙungiya ba a yi masa ko ɗaya daga ciki. In an shafa fatiha kowa takalminsa yake nema ya kama gabansa, wani ko sallama ba ya yi, don ya san da sassafe za a haɗu a bakin ruwa.

Na dawo garin ne a farkon shekarun dubu biyu, bayan na yi ritaya daga gidan rediyo a Kano, inda na shafe yawancin rayuwata ina fassara labarai ina karantawa. Matata ta rasu kafin nan, 'ya'yana kuma kowa ya kama aikinsa a birni. Na gyara ɗaki biyu a gidan mahaifina na zauna. Mahaifin nawa ya bar mini 'yar gona a layi na uku na magudanar ruwa, amma wani ɗan'uwanmu ne ke noma ta tun ina birni, na kuma bar ta a hannunsa.

Shugaban ƙungiyar taubashina ne, ɗan ƙanwar mahaifina, kuma sa'ana. A duk garin shi kaɗai ke iya yi mini tsiya. Sati biyu da dawowata ya same ni a zaure.

"Bawana, tunda gwamnati ta gama tsotse ka ta tofar, zo ka yi mana aiki. Muna da lasifika, ba mu da mai iya riƙe ta."

Haka na zama mai gabatarwa. Ana taron sau ɗaya a wata, ranar Lahadi bayan la'asar, a ajin da ya fi kowanne girma. 'Yan ƙungiya kan zauna a bencinan yara, gwiwoyinsu na tokarar tebur. A gaba kuma ana haɗa tebur biyu a lulluɓe da farin ƙyalle, a jera ruwan leda da lemon kwalba. Nan dagaci yake zama, da liman, da shugaba, da baƙon ranar, da ni.

Aikina uku ne. Ni ke kiran suna daga littafin ƙungiya, layi bayan layi na ruwa, kowa ya amsa. Ni ke gabatar da baƙo. In kuma baƙon ya zame zuwa Turanci, ni ke dawo da shi Hausa. Nakan cire agogona na ajiye a gabana, kamar yadda na saba a ɗakin watsa shiri. In saura minti ɗaya sai na ɗaga wa mai jawabi yatsa. Da farko an yi ta dariyar wannan, daga baya aka gane amfaninsa, don tun da na fara ba mu ƙara rasa jam'in magariba ba.

Baƙi iri-iri sun zauna a gefena. An yi wani likita da ya yi bayani mai kyau a kan tsargiya, ya rufe da roƙon kowa ya daina shiga ruwan magudana. Mutanen da laka ba ta gama bushewa a ƙaurinsu ba suka tafa masa sosai, aka ba shi albasa. An yi injiniyan ruwa da wayar salularsa ta yi ƙara sau huɗu, lokacin wayar ba ta yi yawa a hannun mutane ba, ya kuma amsa duk huɗun muna zaune muna kallonsa. An yi malamin gona da ya zana fangali, wato yankin gona da ake tare wa ruwa, a allo, wani dattijo ya tashi ya karɓi allin ya gyara masa. Duk na gabatar da su da muryar da na san ana so, na jero muƙamansu ba tare da na tsallake ko ɗaya ba.

A teburin nan ba a hira. Dagaci yakan gaishe ni, liman ya yi mini addu'a, baƙo ya tambaye ni ko ni ne wanda yake ji a rediyo yana yaro. Hirar tana can a benci. Daga inda nake ina ganin ta, kamar yadda nakan ga ma'aikata suna magana ta bayan gilashin ɗakin watsa shiri, baki na motsi, ba na jin me ake cewa.

Babban aikin ƙungiyar shi ne gayyar yashe magudana. Kafin a saki ruwan rani, da kuma duk lokacin da ciyawa ta toshe hanya, kowane layi kan fito ranar Asabar da shebur da lauje. Wanda sunansa ke cikin littafi bai fito ba, a taro na gaba zai sha magana. Na tuna ranar da na kira sunan wani mai sayar da taki, ya amsa a hankali. Kafin na wuce zuwa na gaba sai wani ya miƙe daga baya.

"Tsaya, Malam, kar ka wuce! Kai, ina ka shige ranar Asabar?"

"Ciwon baya nake."

"Ciwon baya? Ni na gan ka a kasuwar Bunkure ka ɗaga buhu biyu kana dariya!"

"Ai shi ne ya jawo ciwon."

Ajin ya fashe da dariya. Aka yanke masa hukuncin yashe kwalbatin layinsu shi kaɗai. Yana ta rantse-rantse, ana ta jan hularsa. Ni kuma ina riƙe da lasifika ina jira a yi shiru, na gane ƙyashinsa nake yi. Shekara huɗu ina wannan aiki, ba wanda ya taɓa tambaya ta ina na shige. Sunana ba ya cikin littafin. Ni ne mai karanta shi, kuma ba wanda ya lura, ko kuwa kowa ya ɗauka haka ya kamata.

In an dawo daga rakiyar baƙo nakan biyo ayarin. Ana gardamar wanda ya riƙe ruwa ya wuce lokacinsa, da wanda ya fasa kunyar magudana ya jawo wa gonarsa ruwa da dare. Da na matso sai a sassauta murya, wani ya gyara tsayuwa.

"Malam, me duniya take ciki?"

Sai na ba su labarin duniya. Su saurara da ladabi, su yi godiya, na shiga gida.

Wata rana da hantsi na bi shugaba gonarsa. Na same shi ya naɗe wando yana juya ruwa daga fangali zuwa fangali da fartanya.

"Lafiya, ɗan birni? Ka taka a hankali, takalmin nan naka bai san laka ba."

"So nake ka sa ni a littafi."

"Wane littafi?"

"Na ƙungiya. Layi na uku, inda gonar Baba take."

Ya jingina da fartanyar ya dube ni. "Ka yi me a layi na uku?"

"Abin da kowa yake yi. In an yi gayya a kira ni."

"Kai da shebur? Wallahi sai dai mu haɗa da mai ɗori." Ya yi dariya, amma da ya ga ban yi ba sai ya tsaya. "Wani ya ɓata maka rai ne?"

"Ba wanda ya ɓata mini."

"To, shi ke nan. Zan kai wa dattawa. Gaskiya ne, mun daɗe muna amfana da kai ba mu yi maka komai ba."

Na ji kalmomin ƙarshen nan sarai. Aikina ke nan shekara da shekaru, jin inda fassara ta kauce wa asali. Ya kamata na gyara a wurin. Amma ruwa ya ɓalle masa ta wani gefe, ya ruga ya tare, ni kuma na ji nauyin maimaita roƙo. Na juyo.

Bayan kwana goma sakataren ƙungiya ya kawo mini takarda a ambulan. An buga ta da na'ura a Kura. Ƙungiya na farin cikin gayyata ta a matsayin babban baƙo mai jawabi a taron wata mai zuwa, a kan muhimmancin haɗin kai. Na karanta sau biyu. Akwai kuskuren rubutu guda uku, na ga hannuna ya kai ga biro, na fasa.

Ranar taron ajin ya cika har taga. An ƙara tebur na uku, an aro kujera mai hannu daga gidan dagaci. Sakatare ne ya kira suna, yana tuntuɓe, yana haɗa layi na biyu da na huɗu. Shugaba ya gabatar da ni da kansa. Ya ce ga ɗan garin nan da muryarsa ta shiga kowane gida a ƙasar Hausa. Ya ce dattawa sun zauna, sun ga bai dace mutum irina a jera shi da masu shebur ba, sai dai a ɗaga shi inda ya cancanta. Ko sau ɗaya bai ce mini bawansa ba. "Shehin malami" ya riƙa cewa.

Na cire agogo na ajiye. Na yi magana minti ashirin cif. Na faɗi abin da ake faɗa a kan haɗin kai, na kawo misali da ruwan da ke bi ta gonar mutum goma kafin ya kai ta ƙarshe. Da ya rage minti ɗaya na ajiye takardata, na ce ina da roƙo guda. Na ce ni ɗan layi na uku ne, ina so a rubuta ni a nan, a kira ni ranar gayya, in ban zo ba a hukunta ni kamar kowa.

 Sai liman ya girgiza kai ya ce, "Kun ji tawali'u." Tafi ya ɓarke. Wani daga baya ya yi kabbara. Mai sayar da takin nan har tsaye ya miƙe yana tafawa.

Aka shafa fatiha, aka shigo da kwando. Tumatir ne, zaɓaɓɓe, an rufe bakinsa da ganye. Na sha ganin kwandunan baƙi, ban taɓa ganin wanda aka cika kamar wannan ba. Mutum biyu suka ɗauka, muka fito.

Hanyar da ta tashi daga makaranta zuwa titi ta ƙofar gidanmu take bi. Da muka iso daidai zauren, masu kwandon suka rage tafiya, suka dubi shugaba. Shi ma ya ɗan tsaya. Na ga ya buɗe baki, kuma ina jin da mu biyu ne kaɗai da ya yi mini tsiya, da abin ya ƙare a nan da dariya. Amma dattijon da ya taɓa gyara wa malamin gona zane ya riga shi.

"A'a. Baƙon da ya zo daga nesa ma an kai shi titi, sai namu za a rage wa? A cika masa."

Muka wuce ƙofar gidana. Na ga makullina a jikin ƙyaure, da butar da na bari a dakali. Muka bi gefen babbar magudana, ruwa na tafiya a hankali, rana ta yi ƙasa a kan gonakin shinkafa. Dagaci na damana, liman na haguna. Ba wanda ya yi gardamar ruwa.

A bakin titi aka sauke kwandon. Wata bas ta taka birki, kwandasta ya leƙo yana buga ƙofa.

"Kano! Kano! Alhaji, kai da kayanka?"

Har ya kai hannu ga kwandon. Na ce masa ba tafiya zan yi ba. Ya dube ni, ya dubi taron, ya buga wa direba suka wuce.

Aka bi layi ana ba ni hannu. Mutum uku ko huɗu suka ce Allah ya kiyaye hanya, don bakinsu ya saba. Shugaba ne na ƙarshe. Ya riƙe hannuna ya daɗe.

"Mun fita kunyarka ko?"

"Kun fita. Allah ya saka da alheri."

"Mu je, a ɗaukar maka kwandon."

Na ce su yi gaba, ina so na ɗan sha iska. Ban ga yadda za a yi mutanen da suka raka ni su sake rako ni gida ba, kuma na lura su ma abin ya tsaya musu. Suka juya. Kafin su yi nisa na ji muryoyi sun tashi, wani na cewa wallahi gobe in aka sake riƙe masa ruwa sai dagaci ya ji. Na tsaya har suka sha kwana, sannan na ɗaga kwandon. Sau uku na huta kafin na kai gida. Ana kiran magariba na buɗe ƙofa.

Mutum ɗaya ba ya cinye kwandon tumatir. Raba shi ga maƙwabta kuma mayar musu da kyautarsu ne, don daga gonakinsu ya fito. Washegari na zauna na yanka shi, na shanya a kan tabarma a tsakar gida. Ranar Asabar ina juya shi na jiyo ƙarar shebur daga layi na uku, da ihun wani ana yi masa tsiya.

A taro na gaba na koma kujerata, sakatare ya miƙo mini littafi da sauri, kamar wanda aka sauke wa kaya. A ƙasan layi na uku akwai fili, biro kuma na aljihuna. Ba wanda zai hana ni rubutawa. Sai dai ni zan kira sunan, ni kuma zan amsa. Na karanta layin har ƙarshe, na ɗan dakata kamar yadda nakan yi tsakanin labari da labari, na wuce layi na huɗu.