Jarumin da Bai Taɓa Sauka da Jirgi Ba

A garin Sarh, idan tsoho Ngardum ya fara cika baki a gindin mangwaro, matarsa Denemaji takan bari ya yi nisa tukuna.

Sojan laima ne shi lokacin yaƙin arewa. Jirgi ya kwashe su, a buɗe ƙofa a sararin sama, su diro kan duwatsu harsashi na tashi, shi ko gezau. Da yaƙi ya lafa, gwiwa ta fara ciwo, aka mayar da shi rundunar sojan sama yana kula da lodi.

Ranar farko komai lafiya, har jirgin ya sunkuyar da kai zai sauka. Nan Ngardum ya tuna: shekara da shekaru yana hawa jirgi, bai taɓa sauka a cikinsa ba. Ya ƙanƙame buhun gero yana ihu a buɗe masa ƙofa.

"Sharri ne!" in ji shi duk sanda Denemaji ta tono zancen. "Buhun na riƙe kada ya faɗi."

"To, maigida," sai ta ce tana tuƙa tuwo, "wandon da na wanke ranar fa, shi ma na buhun ne?"