Biskit ɗin Ots a Tukunyar Yashi

Shekarar da Kaka ta kwanta ciwo, Allah ya jiƙanta, ina hutun makaranta a gidanmu na Talata Mafara. Ita ta haifi Innata. A Bakura take zaune, sai da jikin ya yi tsanani aka ɗauko ta zuwa wurinmu. Zazzaɓin ya sauka, amma ya tafi da cin abincinta. Tuwo a'a, fura a'a, kunun tsamiya ma kurɓi ɗaya take yi ta kau da kai. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne shirunta. Matar da ko shara ka yi sai ta nuna maka lungun da ka tsallake, ga ta kwance tana kallon rufin ɗaki, ba ta ce wa kowa kanzil.

Likita ya ce in ba ta ci ba, magani ba zai yi aiki ba. Kawuna na Maradun ya zo dubiya da gwangwanin ots, hatsin nan da ake damawa kamar kunu. Inna ta dama ta kai mata, Kaka ta ture kofin da bayan hannu. Wallahi ban ga laifinta ba, abin sai ka ce dusar da aka jiƙa wa tunkiya.

Ni kuwa lokacin kaina na hayaƙi. An koya mana gashin biskit a makaranta, gani nake ba wanda ya kai ni. Na ce wa Inna ta bar mini sauran ots ɗin in gasa biskit da shi.

"Kin ga obin a gidan nan?" in ji ta.

Sai muka bi hanyar masu gireba. Muka zuba yashi a gindin babbar tukunya, muka ɗora a murhu. Na daka ots ɗin sama-sama a turmi, na kwaɓa da fulawa, ƙwai, man shanu, mazarƙwaila da 'yar citta. Na jera a faranti bisa yashin, na rufe, na tula garwashi a kan murfin. Kai, ƙamshi! Har maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga tana tambayar ko suna za mu yi ba mu gaya mata ba. Yau ina da obin na gas, ina gasawa sumul ba ƙonewa, amma ban sake jin ƙamshin nan na man shanu da hayaƙi ba, kuma ina kewarsa ƙwarai.

Da na buɗe, ƙasan ya yi baƙi ƙirin. Na zaɓi biyu masu dama-dama, na kankare da wuƙa, na kai wa Kaka da shayi.

"Kaka, ni na yi da hannuna. In kin ƙi ci, mun ɓata."

Ta daɗe tana kallona. Can ta miƙo hannu, ta tsoma ɗaya a shayin, ta kai baki. Tana ta mamula.

"Wa ya hura wutar abin ga?"

"Ni ce."

"Ai na sani. Ja'ira! Kin cika mashi wuta ƙasa kamar mai dahuwar ganda. Yashin ma kin yi mashi rowa. Abin da ake koya maku a bokon ke nan?" Ta ɗauki na biyun. "Gobe ki hitar da ni tsakar gida in gani da idona, kada ki ƙarar da man shanun ɗiyata a banza."

Raina ya ɓaci ba kaɗan ba. Duk wahalar nan, ko sannu babu! Na fito fuu zan kai ƙara, sai na iske Inna a bayan ƙofa, ta toshe baki da gefen mayafi, hawaye na bin kumatunta.

"Faɗa take yi?" ta tambaye ni ƙasa-ƙasa.

"Har da zagi."

"Alhamdu lillahi," in ji Inna. "Maza koma ki ƙara mata shayi."