Tarkon Baba da Kilishina

Aikin ido ya kawo Baba Kuala Lumpur, ba farauta ba. Ina faɗin haka tun farko domin duk wanda ya leƙa bayan kicin ɗina a wancan lokacin zai rantse maharbi muka ɗauko haya.

Muna zaune ne a Titiwangsa, a wani tsohon gidan haya mai silin katako, maigidana yana koyarwa a jami'a. Yanar ido ta rufe wa Baba duka biyun. Aka yi na dama, likita ya ce sai ya warke a taɓa na hagu, amma kada a ja lokaci, domin na hagun ya riga ya yi nisa, in aka bar shi mutuwa zai yi gaba ɗaya. Baba ya sha wuyar na farkon. An hana shi sujada, sai sallah a kan kujera. An hana shi wanke fuska yadda ya saba. Ga maganin ɗigawa da nake bin sa da shi kamar mai bin kaza. Ranar wata Juma'a muna cin abinci ya ture kwano, ya dubi surukinsa ya ce, "Na gama. Ido ɗaya ya ishi tsoho. A sayo mini tikiti."

Na yi lallashi, na yi faɗa, na yi kuka. Baba in ya kafe, ko jaki ya san ya bar masa. Ya ce ƙasar da kullum ruwa, kullum shinkafa, ba zai ƙara wata a cikinta ba. Na ce, "Baba, makancewa fa za ka yi." Ya ce, "Uwata, Allah ne mai ido." Haka yake kirana, sunan mahaifiyarsa aka sa mini.

A cikin wannan rigimar ne wani abu ya tare a silin ɗinmu. Gudu, ƙarar farce, sai kuma tabon fitsari da ya fito a kusurwar falo, daidai saman inda nake sauke baƙi. Wari kuwa kada a tona. Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Bamaleshiya da kowa ke kira Makcik, ta leƙo ta katanga ta ce musang ne. Wata dabba ce mai doguwar jela da baƙin ido kamar an sa mata kwalli. Ta ce da can a daji suke, da aka sare dajin aka yi benaye sai suka biyo mutane cikin rufi.

Na fassara wa Baba, yana ji ya miƙe zaune. Ai kun san wanda aka sosa wa inda yake ƙaiƙayi. A ƙauyenmu, arewacin Katsina, da tarko ya ciyar da mu. Yanyawa da dila yake kamawa, ya feɗe, ya shanya fatar a inuwa da toka, ranar kasuwa ya kai wa majema. Ya san ramin da yanyawa ke ciki da wanda ta bari, ya san cewa dila ba ya taka inda ya ji warin hannun mutum. Daga baya gonaki suka cinye dajin, yanyawa ta ɓace, dila ya koma satar kaji a bayan gari, masu sayen fata suka daina zuwa. Tarkunansa na ƙarfe suna rataye a rumbu, tsatsa tana ci.

Ya ce a nemo masa maƙeri. Maƙeri, a Kuala Lumpur! Tarko mai haƙora yake so, irin wanda ke damƙe ƙafa. Maigidana, da ladabinsa, ya durƙusa ya ce, "Baba, a nan hukuma ba ta yarda a ji wa dabbar nan ciwo ba. Sai dai a kama ta da rai a kira ma'aikatan daji." Ya je kedai, wato kantin unguwa, ya sayo keji mai ƙofar da ke faɗowa. Baba ya shafa shi ya yi tsaki, ya ce wannan ai akurki ne, tarkon mata. Amma ya karɓa.

Daga nan zaman lafiyata ya ƙare. Ya dafa kejin a babbar tukunyata ta tuwo wai don ya kashe warin hannu. Ya kwance wayar da nake shanya kaya ya ɗaure shi a gindin bututun da dabbar ke bi ta hau rufi. Ya hana ni zuba ruwan wanke-wanke a wajen, ya hana ni fesa turare a tsakar gidana. Sannan ya zo kan abin da har yau in na tuna raina yake ɓaci. Ya ce a ba shi kilishi.

Kilishin nan shi ya kawo mini tsaraba, ni kuma na ɓoye a can ƙasan firji ina gutsura kaɗan-kaɗan ranar da kewar gida ta taso. Wanda bai zauna a ƙasar da ba a san ƙuliƙuli ba ba zai gane ba. Na ce, "Haba Baba, ga kaza, ga kifi." Ya ce dabba mai haƙora nama mai ƙamshi take bi, haka ya kama dila tun ba a haife ni ba. Kullum da yamma ya yanki kilishina ya sa a keji. Kullum bayan asuba ya fita da sandarsa ya duba, ya dawo ya ce tururuwa sun cinye, a ƙaro. Silin kuwa ana ta tsere a ciki kamar filin ƙwallo.

Wata safiya ina shanya kaya a kan katanga, tunda wayata ta tafi aikin farauta, Makcik ta leƙa kejin ta kama dariya har tana riƙe ciki. Ta ce musang ba ruwansa da nama sosai, ayaba yake so, ko gwanda nunanniya. "Ayaba ɗaya lah, gobe an gama," in ji ta, da "lah" ɗin nan nasu da suke liƙa wa kowace magana.

Kai, ranar na fusata. Kilishina! Na ɗauki ayaba daga kan tebur na nufi ɗakin Baba da niyyar in gaya masa abin da ban taɓa gaya masa ba. Na tarar maigidana yana zaune a gabansa, yana tambayarsa a hankali ko wace rana yake so a sa a tikitin. Baba ya ce, "Wane tikiti? Mai tarko ba ya barin tarko a ɗane ya yi tafiya. Dabba ta faɗa ta mutu da ƙishi, alhakin a wuyan wa? Kuma ni ban taɓa kwance tarko hannu wofi ba. Ranar da na kama shi, ranar zan tafi."

Na tsaya a bakin ƙofa da ayaba a hannu. Baba ya juyo da idonsa mai gani ya ce, "Uwata, lafiya?" Na ce lafiya lau. Na ɓare ayabar na cinye a gabansa.

To, daga ranar ni na zama mai gadin musang. Na daina sayen ayaba. Na roƙi Makcik ta rufa mini asiri, ta ce boleh, wato babu damuwa, tana dariya. Na ja kunnen maigidana. Mai gidan haya ya zo ya ga tabon silin ya yi ta faɗa, na ba shi haƙuri kamar ni na yi fitsarin. Matan da muke karatun Asabar tare suka zo, na ga suna toshe hanci da gefen mayafi, na ce magudana ce ta toshe. Kuma kullum da yamma, da hannuna, nake miƙa wa Baba kilishi ina murmushi, zuciyata tana tafasa. Ranar da na miƙa guntun ƙarshe sai da na shiga banɗaki na yi ƙwalla. Kada wani ya yi mini dariya, abin ya ci mini rai.

Ranar aikin ta zo, Baba ya sa babbar rigarsa ya shiga mota ba gardama. Ko kalmar tikiti bai furta ba. Sai dai ya bar wasiyya a duba masa keji.

Da aka cire bandeji, likita ya ce ido ya tsira. Muka dawo gida, na biya ta kasuwa na sayo ayaba nunanniya, na ajiye a gabansa. Na ce, "Baba, ka gwada wannan. An ce ita yake ci."

Ko mamaki bai yi ba. Ya ce, "Ai na sani. Tun ranar farko na murza kashinsa da sanda, duk 'ya'yan gwanda ne. Kin taɓa jin mai tarkon da bai san abincin dabbarsa ba?"

Na ce, "To me ya sa, Baba?"

Ya juya ayabar a hannunsa. Can ya ce, "Na faɗi magana a gaban surukina. Kuma tsoron wuƙar nan nake ji, Uwata. Da wane bakin zan ce na fasa tafiya?"

Na zauna a ƙasa. Ashe duk makonnin nan ni ina ɓoye masa ayaba, shi yana ɓoye mini ita. Na share ido da gefen zane, sannan abin ya dawo mini. Na ce, "Kilishina fa? Duk tururuwa?"

Ya ce, "Wace tururuwa? Ni zan bar wa tururuwa kilishin Katsina?"

Washegari da safe musang yana cikin keji, ya cinye ayabar har ɓawo. Kafin ma'aikatan daji su iso Baba ya ja kujera ya zauna a gabansa ya daɗe yana kallo. Ya ce fatar banza ce, ko majemi ba zai taya ba, ina ita ina ta yanyawa. Amma bai tashi ba. Ya rufe idon dama da tafin hannu, ya kalle shi da na hagun kawai, ya ce, "Har gashin bakinsa nake gani."