Kwalbar Lakay Bangsoy

Shekara goma sha tara Lakay Bangsoy yana gadin dam ɗin da kamfanin haƙar zinariya ke zuba taɓonsa, can saman ƙauyenmu a duwatsun Benguet. Kafin nan maginin katangun gonakin shinkafa ne, kamar ubansa. Abin da ya gada ke nan: katanga dole ta tsiyayar da ruwa, amma ruwan ya fito garau. Ranar da ya fito a gurɓace, to ƙasar cikinta ce ke zaizayewa. Shi ya sa kullum da safe yake tarar ruwan gindin dam ɗin a kwalba, ya ɗaga wa rana. Mun sha yi masa tsiya.

"Lakay, yau ma giyar taka ba ta nuna ba?"

"Ranar da ta nuna ku za ku fara sha, 'yan banza."

Sai aka yi 'yar girgizar ƙasa, ko tukunya ba ta kife ba. Washegari ruwan ya fito ruwan toka. Ya hau ofis ya dire wa injiniya kwalbar a tebur.

"Na'urorinmu sun ce lafiya lau, Lakay," in ji injiniyan.

"To kawo iyalinka su tare a gidana, yallaɓai."

Kafin rana ta faɗi an sallame shi, wai yana tayar da hankalin jama'a. Mu ma, abin kunya, ba mu saurare shi ba. Rabinmu a kamfanin muke ci.

Lakay ya koma gida. Ya yanka alade yadda al'ada ta tanada, ya tone kabarin matarsa Kinay da ke tsakar gidansa, ya naɗe ƙasusuwanta a bargo, ya goya, ya hau tudu. A wajenmu ba a tayar da mamaci da wasa. Cikin mako guda kowa ya kwashi nasa, masu rai da matattu, muka bi shi.

Girgiza ta biyu da rana tsaka ta zo. Muna tsaye a tudu muna kallo dam ɗin ya fashe, taɓo ya binne gidaje sittin, da coci, da gonakin da kakanninmu suka gina dutse bayan dutse. Ko mutum ɗaya bai mutu ba.

Yanzu akwai allo a bakin hanya, wai shirin gargaɗin kamfani ne ya ceci ƙauyen. Shirin uban wa? Duk sanda na wuce sai na tofa masa yawu.

Kamfanin ya gina sabon dam a kwarin da ke saman inda muka koma. Lakay bai fasa ba, kullum da safe sai ya hau da kwalbarsa. Kullum kuma mai gadi sai ya koro shi daga bakin ƙofa.