Wutsiyar Toka da Kwanon Tuwona

Wata rana, a harabar asibitin dabbobi, na fara ganin wani mutum da har yau ban san sunansa ba.

Na zo ne da kyanwata a cikin kwali.

Sunanta Toka, saboda launinta. Ta kakata ce, Allah Ya jiƙanta. Da ta rasu wata biyar da suka wuce, kowa ya ɗauki abin da zai riƙa tunawa da ita. Ni na ɗauki Toka.

Sai gashin wutsiyarta ya fara zubewa.

Da farko kaɗan ne, a kan tabarma. Bayan sati uku, wutsiyar da take kamar tsintsiyar laushi ta koma siririya, har ana ganin fata.

A lokacin matar yayana, Anti Rakiya, ta haihu. Ta ce makero ne, zai kama jaririn. Ban ga laifinta ba. Baba ya ce in har Juma'a ba a san abin da ke damun kyanwar ba, za a sa ta a buhu a kai ta bayan gari a saki, yadda ake yi.

Ranar Talata ce ya faɗa.

Ni ban yi nisa a makaranta ba. Da tsofaffin littattafan yayana na koya wa kaina karatu, kuma tun daga nan duk abin da ya tsorata ni sai na neme shi a rubuce. Na karanta cewa ƙuma na jawo haka. Na karanta makero. Na karanta cewa kyanwa in ta shiga damuwa takan lashe jikinta har gashi ya tafi.

Duk wanda na karanta sai in ga shi ne. Abinci ma ya ƙi shiga cikina.

Shi ya sa ranar Laraba na ɗauki kwali.

Mutumin ma'aikacin wurin ne, dogo, marar yawan magana. Bai fizgo Toka daga kwalin ba. Ya miƙa mata bayan hannunsa, ya jira har ta shinshina. Na lura da wannan, kuma ban manta ba.

Ya taje gindin wutsiyar a kan farar takarda, ya ce babu kashin ƙuma. Ya duba fatar a hasken rana, ya ce bai ga zagaye ko ɓawo irin na makero ba, amma zai kankari kaɗan a gwada don hankalin gida ya kwanta. Ya shafa bayanta, ya ce ƙashinta ya fito fiye da kima.

Sannan ya ɗago.

"Malama, me kike ba ta?"

"Abin da nake ci. Kwano ɗaya muke. Tuwo, koko, shinkafa."

"Mai ita ta da fa?"



Na tuna kaka tana dawowa daga kasuwa da ƙulli a bakin mayafi. Kawunan busasshen kifi. Tana zaune tana ɓare su, tana tsince ƙaya. Mu muna mata dariya, muna cewa ta shagwaɓa kyanwa. Na gaya masa duk wannan.

Ya ce, "Ba shagwaɓa ba ce. Ke tuwo na riƙe ki. Ita nama ne abincinta."

Ya ƙara da cewa albasar da ke cikin miya ma cutar da ita take yi.

Wata biyar ina raba lomata biyu, ina jin babu wanda ya kai ni ƙaunarta. Ashe cikinta a cike yake, jikinta na jin yunwa.

Ya ce kada in ɗora komai a kan abinci kaɗai. Rashin kaka da kukan jariri na iya ƙarawa. In ba ta kifi da ƙwai dafaffe ba gishiri, in raba ta da ɗakin mai jego, in dawo bayan sati biyu. Gashi, in ji shi, ba ya sauri.

Sati biyu. Ni kuwa kwana biyu suka rage mini.

Na samu Baba a zaure bayan la'asar. Ni da ban taɓa mayar masa da magana ba, na durƙusa da kwalin a gabana.

"Baba, laifina ne, ba nata ba. Ka ba ni sati biyu. Na yi alkawari ba za ta taka ɗakin Anti ba, kuma ni zan riƙa tsince mata ƙaya kamar yadda kaka take yi."

Ya kalli kwalin. Sai ya ce in mayar da buhun da aka riga aka fito da shi ɗakin ajiya.

Yau kwana tara. Kullum da safe ina duba wutsiyar. Saura kwana biyar in koma asibitin, kuma wannan karon zan tambayi mutumin nan sunansa.

Darasi: Kafin ki miƙa wa wanda kike so abin da ke hannunki, tambayi abin da yake buƙata. Ƙauna ma tana iya barin wani da yunwa.

In kin san gidan da ake zuba wa kyanwa ragowar tuwo kaɗai, tura musu wannan kafin su nemo buhu.